Raya Himmar Yara a Kan Koyon Rawar Bale



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata matsala da ta daɗe tana damun makarantun rawar bale a Turai da Amurka, watau yadda yara ke shiga da ɗoki da rawar jiki, sa'an nan bayan shekara biyu ko uku a neme su a rasa. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan ɗalibin jami'a ko ma'aikacin ofis da rawar Turawa. Amsar ita ce, da wuya a sami wata sana'a da ke jinkirta wa mai koyo ladan wahalarsa kamar wannan. Saboda haka duk abin da ke karya zuciyar mai koyo, da duk abin da ke ɗaga ta, a nan ya fi fitowa fili, kuma wanda ya fahimce shi a nan ba zai rasa inda zai yi amfani da shi ba.

Ita bale rawa ce ta dandali, wadda ake ba da labari a cikinta da motsin jiki kaɗai, ana bin kiɗa, babu magana. Ta samo tushe a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta girma a fadar Faransa, inda Sarki Luwis na 14, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kafa mata majalisar masana a 1661. Malaminsa, Pierre Beauchamp, shi ake jingina wa tsara tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau kowane mai koyo ke farawa da su. An buɗe makarantar rawa ta gidan Opera na Faris a 1713, aka buɗe ta San Fitasbag a Rasha a 1738, kuma ɗaliban farko na wannan ta biyun 'ya'yan barorin fada ne, maza 12 mata 12. Ta Mosko kuwa a gidan marayu ta fara, a 1773. Wannan abin lura ne. Ba a tambayar maraya ko ɗan bara ko yana so. Makaranta ke ciyar da shi, ita ke tufatar da shi, kuma rawar ita ce abincinsa na gobe. Maganar raya himma ba ta zama matsala sosai ba sai a ƙarni na 20, lokacin da darasin bale ya zama abin da iyaye ke biya wa 'ya'yansu bayan an tashi daga makarantar boko, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Yaron da ke cikin wannan hali yana da bakin cewa ya gaji, kuma yana da ƙofar fita.

Kafin a zargi yaro da raki, ya kamata a san abin da ake nema daga gare shi. Darasin bale yana da tsari guda, wanda kusan bai sake ba fiye da shekara 150. Ana farawa a jikin wata doguwar sanda da aka kafa a bango daidai ƙugu. Mai koyo ya dafa ta da hannu ɗaya, ya lanƙwasa gwiwa a hankali ya miƙe, ya zura ƙafa gaba, gefe da baya ba tare da yatsu sun bar ƙasa ba, ya maimaita, ya juya ɗaya ɓangaren ya sake. Sai an ci kusan rabin lokacin darasi a nan kafin a fito tsakiyar ɗaki, inda ake koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya, da juyi, sa'an nan ƙananan tsalle, sa'an nan manya. A ƙarshe a rusuna wa malami da mai kaɗa fiyano. Abin da yarinya 'yar shekara 8 ke yi a jikin sandar nan, shi ne tauraruwar da ta shekara 20 a dandali ke yi kowace safiya. Malamin nan na Italiya, Enrico Cecchetti, wanda ya rasu a 1928, har ware wa kowace rana ta mako nata aikin ya yi, ta yadda ɗalibi ya san abin da zai tarar ran Litinin da abin da zai tarar ran Alhamis. A makarantar San Fitasbag, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Agrippina Vaganova, ana ɗaukar yaro yana da kimanin shekara 10, kuma karatun shekara 8 ne.

To, a gwada wannan da ƙwallon ƙafa. Yaron da aka ba ƙwallo yau, yau ɗin zai buga wasa, wataƙila ma ya ci. Mai koyon bale kuwa zai shekara yana gyaran tsayuwa bai yi abin da shi a ransa yake kira rawa ba. Ga babba, shekara 8 lissafi ne. Ga ɗan shekara 8, iyakar rayuwarsa ke nan. Tazarar da ke tsakanin sandar bango da dandali ita ce ainihin inda ake asarar yara, kuma aikin malami da iyaye shi ne su rage wa yaro nisan wannan tazara a idonsa, tun da ba su da ikon rage ta a jikinsa.

Tarihin mutum biyu ya isa ya nuna haka. George Balanchine, wanda aka haifa a San Fitasbag a 1904, shi ne daga baya ya zama uban bale a Amurka, amma bai shiga sana'ar da son ransa ba. Burin gidansu shi ne ya zama hafsan sojan ruwa. A 1913 ya raka 'yar'uwarsa gwajin shiga makarantar rawa, aka ce shi ma a gwada shi, aka ɗauke shi aka bar ta. Ya ƙi wurin ƙwarai, har ya gudu zuwa gidan wata gwaggonsa, aka komo da shi. Darussan ba su da wata ma'ana a wurinsa. A shekararsa ta biyu sai aka sa shi cikin yaran da za su fito a gidan wasa na Mariinsky, a wasan The Sleeping Beauty, watau labarin gimbiyar da ta yi barcin shekara 100. Ya ga fitilu, ya ga ado, ya ji kiɗan Tchaikovsky daga bakin dandali, ya kuma ga manyan 'yan rawa suna yin abin nan da ake wahalshe shi da shi a aji, amma a cikakkiyar siffarsa. Shi da kansa ya sha faɗa cewa daga wannan lokaci ne ya kamu da son aikin. Ba a sassauta masa darasi ko ɗaya ba. An dai nuna masa inda darasin ya dosa.

Na biyun shi ne Carlos Acosta na ƙasar Kyuba, wanda aka haifa a 1973, auta cikin 'ya'ya 11 na wani direban babbar mota a birnin Habana. Ƙwallo yake so, da rawar titi. Mahaifinsa ya tura shi makarantar bale yana ɗan shekara 9 don ya raba shi da yawon banza. Yaron ya yi ta fashin aji har aka kore shi, uban bai haƙura ba ya nema masa wata makarantar kwana a lardin Pinar del Río. Sai da aka kai su kallon ƙungiyar bale ta ƙasa, ya ga yadda namiji ke tashi sama kamar ba zai sauko ba, sa'an nan ya soma aiki don kansa. A 1990 ya ci lambar zinariya a gasar Lozan ta Suwizalan, a 1998 ya shiga ƙungiyar Royal Ballet ta Landan, a 2020 kuma ya zama shugaban ƙungiyar bale ta Birmingham. Masu son tilas sukan kafa hujja da mahaifin Acosta. Gaskiya ne naciyar uban ta tsare yaron a wurin har ranar da idonsa ya buɗe, kuma ba a raina wannan. Amma shekarun tilas ɗin fashi da kora suka haifar. Ci gaban bai fara ba sai bayan kallon.

Gani ya kori ji. Manyan makarantu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka gina shi cikin tsarinsu. Anna Pavlova tana 'yar shekara 8 mahaifiyarta ta kai ta kallon wannan wasa na gimbiya mai barci, ta nemi shiga makaranta aka ce ta yi ƙanƙanta, ta jira har 1891 aka ɗauke ta. Balanchine bai manta da abin da ya same shi ba. Ya kafa makarantarsa a Niyu Yok a 1934 tare da Lincoln Kirstein, kuma da ya shirya wasan The Nutcracker a 1954 sai ya cika shi da yaran makarantar, aka kuma ci gaba da haka kowace shekara a lokacin Kirsimeti. A cikin wasan akwai matsayi na ƙanana, akwai na waɗanda suka ɗan tasa, saboda haka yarinyar da ta fito bana ta riga ta ƙyalla ido a kan matsayin da take so baɗi. A Faris kuma akwai wata al'ada ta jerin gwano, inda dukan 'yan rawan gidan Opera ke tahowa daga can ƙuryar dandali zuwa gaba, sahu sahu, bisa ga muƙami. Wadda ke buɗe jerin ita ce mafi ƙanƙanta cikin 'yan matan makaranta. Tana tafe, duk matakan da za ta taka a rayuwarta suna biye da ita a baya. Ƙaramar makarantar unguwa ba ta da gidan Opera, amma ba ta rasa wasan ƙarshen shekara, ba ta rasa barin ƙanana su zauna su kalli ajin manya, kuma a zamanin nan ba ta rasa majigin manyan wasanni. Makarantar da ke ɗaukar waɗannan a matsayin ɓata lokaci tana yi wa kanta asara.

Sai maganar malamin farko. A 1985 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan mutum 120 da suka kai ƙololuwa a fannoninsu: makaɗa fiyano, masassaƙa, 'yan ninƙaya, 'yan wasan tanis, masana lissafi da masu binciken ƙwaƙwalwa. Babu 'yan rawa a cikinsu, amma abin da aka gano ya shafe su. Galibin waɗannan gwanaye malaminsu na farko ba wani shahararre ba ne. Mutum ne na kusa da gida, mai son yara, mai fara'a, wanda ya mai da farkon koyo kamar wasa. Malami mai tsanani da bin ƙa'ida daki daki sai a mataki na biyu ya zo, lokacin da yaron ya riga ya ɗauki abin a matsayin nasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma mai tanƙwarawa da gaggawa shi ke karya shi. Wannan ne ya sa makarantu masu hankali ba sa ɗora ɗan shekara 4 ko 5 a kan sanda. Suna sa shi tsalle, da tafi bisa kiɗa, da kwaikwayon tsuntsu ko iska, sai ya kai 7 ko 8 a fara ainihin horo. Wannan sauyi daga wasa zuwa horo shi ne mararrabar farko da ake zubar da yara, kuma ya fi kyau a yi shi sannu sannu, a bar ɗan lokaci a ƙarshen kowane darasi wanda yaro zai yi rawa kawai.

Da iyaye suka ga himma ta fara sanyi, abin da suka fi saurin kamawa shi ne alkawarin tukuici: in ka je aji za a saya maka kaza. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka zaɓi yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a wata makarantar reno ta Jami'ar Stanford, waɗanda dama suna son zane. Aka raba su uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, aka kuma ba su. Na biyu aka ba su ba zato. Na uku ba a ba su kome ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zane a aji, aka koma gefe ana kallo. Waɗanda aka yi wa alkawari sun yi kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane. An sayi abin da dama kyauta suke bayarwa, daga nan suka ɗauke shi aikin lada, kuma aikin lada ba a yinsa in babu lada. A lura cewa kyautar ba zata ba ta yi wannan lahani ba. Uban da ya kai 'yarsa shan alawa bayan ta yi wasa mai kyau bai yi laifi ba. Wanda ya mai da kowace Asabar ciniki shi ne zai wayi gari farashi yana hawa.

Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, a littafinsu na 1985 da ayyukan da suka biyo baya, sun tattara irin waɗannan bincike suka ce himmar da ke fitowa daga zuci tana rayuwa ne a kan abu uku: mutum ya ji yana iyawa, ya ji yana da ta cewa, ya kuma ji yana da mutane a wurin. Na tsakiyar ne ya fi wuya a bale, domin rawa ce da ba a yi wa gardama. An ƙayyade inda hannu zai tsaya, an ƙayyade kayan sawa, har ɗaurin gashi. Duk da haka akwai ɗan fili. Ana iya barin yara su zaɓi kiɗan da za a yi tsalle da shi, ko su ƙirƙiro gajeren motsi nasu su nuna wa juna, ko a tambayi yarinya abin da take so ta gyara a wannan zango. Na ukun kuwa shi manya suka fi mantawa. Yarinya 'yar shekara 10 sau da yawa saboda ƙawarta take zuwa, kuma ranar da aka ɗaga ƙawar zuwa wani aji aka bar ta, ranar ce sha'awarta ke tafiya. Malamin da ke raba aji ba tare da ya duba wa ke tare da wa ba, yana iya rasa ɗaliba ya zaci rawar ce ta gundure ta.

Batun jin iyawa ya kai ga maganar yabo da gyara. Al'adar ajin bale ita ce gyara: ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, miƙe gwiwa. Manyan 'yan rawa sun san cewa gyara alama ce ta kulawa, kuma wanda malami ya daina gyara wa shi ne abin tausayi. Yaro bai san haka ba sai an gaya masa. A wurinsa, wanda ake yawan kiran sunansa shi ne mai laifi. Ya kamata a bayyana masa wannan tun da wuri, a fili. Game da yabo kuwa, Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yara 'yan aji biyar da aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya bayan sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. An yi ta zuzuta wannan ra'ayi daga baya fiye da yadda manyan gwaje-gwaje suka tabbatar, amma a ajin bale yana da muhalli na musamman, domin yawancin abin da ake yabawa a can halitta ce. Tsawon ƙafa, da lanƙwasar tafin sawu, da yadda cinya ke iya juyawa waje daga kwatangwalo, duk ƙirar ƙashi ke da rinjaye a kansu. In malama ta ce wa wata ƙafarta kyakkyawa ce, ta gaya wa sauran 15 cewa abin da ake so ba ya samuwa da aiki. In ta ce yau kin sauko daga tsalle ba a ji ƙara ba, alhali watan jiya ana ji, ta ba kowa abin da zai nema.

Jarrabawa ma ta wannan fuska ya kamata a dube ta. Ƙungiyar da aka kafa a Landan a 1920, wadda yanzu ake kira Royal Academy of Dance, ta raba koyo zuwa matakai, kowanne da jarrabawarsa da takardar shaida, kuma ana bin tsarinta a ƙasashe da dama. Amfanin wannan shi ne ya yanka doguwar tafiya zuwa zango zango, yaro ya ga ya bar nan ya kai can. Illarsa ita ce makarantar da ta mai da shekara guda cur maimaita abin jarrabawa kaɗai, har yara su haddace tsari ba su iya rawa ba. Wannan laifin mai amfani da ma'auni ne.

Mararraba ta biyu, wadda ta fi ta farko haɗari, tana tsakanin shekara 11 da 14. Abu biyu ke haɗuwa a nan. Na farko shi ne takalmin tsini. Tun da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a Faris a 1832 tana tsayawa a kan tsinin yatsunta, wannan tsayuwa ta zama alamar 'yar rawan bale, kuma ita ce mafarkin kusan kowace yarinya da ta shiga aji. Shawarar masana lafiyar 'yan rawa ita ce kada a fara kafin shekara 12, sai bayan shekara uku ko fiye na horo aƙalla sau biyu a mako, sai kuma idon sawu da ƙugu da tsokar ciki sun yi ƙarfin ɗaukar jiki. Ke nan a aji guda za a ba wasu izini a hana wasu. Wadda aka hana tana jin an kore ta, wadda aka ba kuma takan tarar da kanta ta koma 'yar koyo, ga bororo a yatsu, ga minti 10 kacal a jikin sanda. Akwai makarantun da ke ba da takalmin da wuri don kada iyaye su kwashe 'ya'yansu zuwa wani wuri. Wannan cin amana ne, ko da an kira shi ƙarfafa gwiwa. Abin da ya dace shi ne a gaya wa yarinya takamaiman abin da ya rage mata, a ba ta atisayen da zai kai ta, a kuma sa ranar da za a sake dubawa.

Na biyu shi ne girma. Lokacin da yaro ke miƙewa farat ɗaya, ƙashi yakan riga tsoka da jijiya tsawo. Sai jiki ya ɗaure, ƙafar da ke tashi sama bara ta ƙi tashi bana, juyin da aka iya ya ɓace saboda ma'aunin jiki ya sauya wuri. Yarinyar da ta fi kowa a shekara 10 tana iya zama ta baya a shekara 13, alhali ta fi da ƙoƙari. In ba a gaya mata dalili ba, hukuncin da za ta yanke shi ne ba ta da baiwa. Abin kuwa na ɗan lokaci ne, yana wucewa in girma ya daidaita. Bayani na minti biyar, da rage manyan tsalle na wasu watanni, sun ceci yara da yawa waɗanda da sun tafi.

A daidai wannan shekaru ne kuma madubi ke zama abokin gaba. Ɗakin koyo madubi ne bango guda, kayan aji kuma masu kama jiki ne. Wani nazari da Jon Arcelus da abokan aikinsa suka buga a 2014, wanda ya haɗa sakamakon bincike da dama, ya sami cewa kimanin 16 cikin 100 na 'yan rawan bale suna fama da larurar cin abinci, watau ƙin ci ko ci a amayar don tsoron ƙiba. A Disamban 2019 wani kwamitin bincike a ƙasar Ostiriya ya ba da rahoto cewa a makarantar bale ta gidan Opera na Biyana an shawarci yara su sha taba don kada su yi ƙiba, ana kuma kiransu da suna haɗe da lambar girman tufafinsu. Yaron da ya ce ba zai koma irin wannan wuri ba, ba himma ya rasa ba. Hankali ya yi. Saboda haka tambayar farko ga yaron da ya fara noƙewa ita ce me ya faru, kuma a saurari amsar kafin a fara wa'azin haƙuri.

Akwai kuma waɗanda tun daga bakin ƙofa ake nuna musu cewa wurin ba nasu ba ne. 'Ya'ya maza suna shan gori a makaranta da unguwa, abin da fim ɗin Billy Elliot na 2000 ya nuna a wani garin masu haƙar kwal a Ingila, kuma namiji ɗaya tilo cikin mata 20 ba ya daɗewa sai in an haɗa shi da wasu maza, an kuma ba shi tsalle da juyin da ke buƙatar ƙarfi. Baƙaƙen yara kuma sun daɗe suna sayen takalmi da safa masu launin fatar Turawa, suna shafa musu hoda don su dace da tasu. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fitar da takalman tsini masu launin baƙar fata. Arthur Mitchell, baƙar fata na farko da ya zama babban ɗan rawa a ƙungiyar Balanchine, ya fahimci wannan tun da daɗewa. Bayan kisan Martin Luther King a 1968 ya koma unguwarsu ta Harlem ya fara koyar da yara, a 1969 kuma ya kafa Dance Theatre of Harlem tare da Karel Shook. A gareji suke aiki, ƙofa a buɗe, masu wucewa suna leƙe. Da farko bai tilasta wa samari kayan aji ba, ya bar su da wandunansu na gida. Ƙa'ida ta zo daga baya, bayan sun riga sun zauna.

Rabon iyaye a cikin wannan aiki bai kai yawan da suke zato ba, amma yana da nauyi. Su ke kai yaro a kan lokaci, da ci a cikinsa da barci a idonsa, domin sau da yawa abin da ake kira rashin sha'awa gajiya ce kawai ta yaron da aka cika wa mako da darussa. Su ya kamata su bambanta yaron da ke kuka kafin a tafi amma ya fito yana tsalle, da wanda ke shiga shiru ya fito shiru. Na farko barin wasan gida ne ke masa wuya, kuma wannan a daure a kai shi. Na biyu yana da magana. Hanyar komawa gida ba wurin gyaran kuskure ba ce, an riga an yi masa gyara awa guda. Uwar da ta so yin rawa tana ƙarama ba ta samu ba, ita ma ya kamata ta binciki zuciyarta ta ga burin wa ake bi.

Daga ƙarshe akwai yaron da aka yi wa duk abin da ya kamata, ya ga dandali, ya sami malama ta gari da abokai, amma ya ce ya isa. Makarantun ƙwararru dubbai ke neman shiga, 'yan gomiya ake ɗauka, kuma ba duka ke kai ƙarshe ba. Mafi yawan yaran da ke koyon bale ba za su ci abinci da ita ba, kuma ba don haka aka sa su ba. Dabarar da malamai da yawa ke bayarwa ita ce a yi yarjejeniya da yaro ya ƙarasa zangon da aka biya, ko ya fito a wasan da aka riga aka ba shi matsayi, don kada ya bar abokansa da giɓi, sa'an nan a zauna a yanke shawara a ranar da ba ta ɓacin rai ba. Wani rage kwanaki yake bukata, wani sauya malami, wani kuma wata irin rawa dabam. Tsoron cewa hutun shekara guda zai rufe ƙofa har abada ya wuce kima. Rudolf Nureyev bai shiga makarantar San Fitasbag ba, lokacin ana kiran birnin Leningrad, sai a 1955 yana da shekara 17. Misty Copeland ta fara tana da 13, a 2015 kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a American Ballet Theatre. Waɗannan ba kasafai ake samun irinsu ba, kuma ba a gina tsari a kansu. Ga wanda ba sana'a yake nema ba kuwa, lokaci bai taɓa ƙurewa ba: tun 2017 Royal Academy of Dance ke gudanar da azuzuwa na musamman ga waɗanda suka haura shekara 55, kuma a cikin masu zuwa akwai matan da suka ajiye takalmansu tun suna 'yan shekara 12.